Iyakar da ke saman Jibiya

A Magamar Jibiya, motar da za ta tsallaka Ɗan Isa ta nufi Maraɗi dole ta tsaya. Kwastan su leƙa kaya, jami'an shige da fice su dubi takarda su dubi fuska. Amma kimanin kilomita 10 bisa kawunan masu wannan layi akwai wata iyakar da ba a tsayawa a kanta. Kusan a kan layin da ya raba ƙasashen biyu ne yankin sararin samaniyar Kano yake ƙarewa, na Yamai ya fara. Jirgin da ya zo wucewa ba shi da takardar da zai miƙa, sai sunan kiransa: sunan kamfani da 'yan lambobi, matuƙi ya faɗa ta rediyo, jami'in da ke ƙasa ya amsa.

Mutane da yawa ba su san da wannan iyaka ba sai ranar 6 ga Agustan 2023, da sojojin Nijar suka rufe sararin samaniyarsu bayan juyin mulki, jiragen Turai suka koma zagaye mai nisa kafin su iso Najeriya.

Kano ta daɗe a harkar. Jiragen sama sun sauka a nan tun a Nuwamban 1925, guda uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar. Yau hukumar NAMA, wadda aka kafa a 1999, ita ke kula da ɓangaren Najeriya, yayin da ASECNA, da aka kafa tun 1959, ke riƙe da na Nijar. Makarantar da ke horar da jami'an can tana Yamai tun 1963, ta nan kuwa tana Zariya tun 1964. Ɗaya ta tashi da Faransanci, ɗaya da Turancin Ingilishi, ga shi kullum sai sun miƙa wa juna jirage.

Inda gizo ke saƙar shi ne sunayen kiran kan yi kama. Kamfanoni na son jera lambobin jiragensu bi da bi, sai ka sami biyu a tashar rediyo ɗaya da lamba ɗaya tak ta raba su. Ƙananan jirage kuma da lambar rajistarsu ake kiran su: ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta yarda a taƙaita kiran, a ɗauki alamar farko da haruffa biyu na ƙarshe, wato harafin da ya bambanta ƙasashen biyu shi ne ke faɗuwa. Shi ya sa ba a yarda matuƙi ya taƙaita sunansa ba sai jami'in ƙasa ya fara.

Wanda ke ganin abin wasa ne, ya dubi abin da ya faru a Japan ranar 31 ga Janairun 2001. Jirage biyu na kamfanin Japan Airlines, mai lamba 907 da mai lamba 958, ɗauke da mutum 677 a tsakaninsu, suna tunkarar juna. Wani jami'i mai koyon aiki ya yi niyyar cewa 958 ya yi ƙasa, sai bakinsa ya suɓuce ya kira 907. Mai sa ido a kansa ta so ta gyara, ita kuma ta kira 957, lambar da babu jirgin da ke ɗauke da ita a wurin. Na'urar kauce wa karo da ke cikin 907 tana cewa ya yi sama, matuƙin ya bi umarnin ƙasa ya ci gaba da sauka. Da ƙyar suka gitta wa juna, bayan 907 ya yi wani mugun nutso da ya watsa mutane da kaya har rufin jirgi. Mutum 100 suka ji rauni, kuma daga baya kotu ta sami jami'an biyu da laifin sakaci.

A wannan yanki namu, ɓarnar da aka gani ba ta suna ba ce kai tsaye, amma danginta ce. Ranar 7 ga Nuwamban 1996, kuskuren jami'in ƙasa ya kusantar da jirgin ADC da ya taso daga Fatakwal da wani jirgin. Garin kaucewa na ADC ya kufce wa matuƙa ya faɗa ruwa kusa da Ejirin ta jihar Legas, mutum 144 suka rasu, ciki har da Farfesa Claude Ake. A Satumban 1997 kuma, wani jirgin sojan Jamus da ya sha mai a Yamai ya yi karo da na sojan Amurka a gaɓar tekun Namibiya, mutum 33 suka halaka. A waɗannan shekaru matuƙan da ke ratsa Afirka sun fi dogara da shelanta wa junansu inda suke a kan tashar rediyo ta 126.9.

An yi gyare-gyare. Dole matuƙi ya maimaita umarnin da aka ba shi haɗe da sunan kiransa, jami'i ya saurara. Jami'in yana da ikon sauya wa jirgi suna na ɗan lokaci idan ya ga biyu sun yi kama. Bayan karon da aka yi a Jamus a 2002, wanda ya ci rai 71, aka tabbatar da cewa umarnin na'urar kauce wa karo yana gaba da na jami'in ƙasa. Kamfanonin Turai da dama kuma sun koma gauraya haruffa da lambobi, ana kuma tace jadawalinsu da kwamfuta tun kafin kakar tafiye-tafiye ta kama.

Wannan na ƙarshe shi ne mafi arha, ba ya buƙatar sabuwar na'urar radar ko sabon gini. Ya kamata NAMA da ASECNA da kamfanonin jiragenmu su riƙa zama su tace sunayen kira tare, musamman kafin jigilar alhazai, lokacin da jiragen kamfani ɗaya ke tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato a rana guda.