Daga Xbox zuwa Jellyfin: Asalin rumbun fina-finai na gida

A watan Maris na 2025 kamfanin Plex ya tayar da ƙura. Ya ce daga ranar 29 ga Afrilu, wanda ya ajiye fina-finai a kwamfutar gidansa, in yana so ya kalle su alhali yana waje, sai ya biya. Kuɗin rajistar dindindin ma ya tashi daga kusan dala 120 zuwa kusan dala 250. Jama'a suka yi caa: fim ɗina ne, kwamfutata ce, wutata ce, kuɗin me zan biya? Ni ma ina ganin suna da gaskiya, kuma tarihin abin yana bayansu.

Rumbun fina-finai na gida ba wani abu ba ne illa kwamfuta ɗaya da ake bari a kunne a lungun ɗaki, a zuba mata fina-finai, talabijin da wayoyin mutanen gida su riƙa ɗebowa daga cikinta ta Wi-Fi. Manyan kamfanoni sun taɓa gwadawa. Microsoft ya fito da Windows Media Center a 2002, Sony ya jagoranci kafa ƙungiyar DLNA don haɗa na'urorin gida a 2003, wadda ta rushe a 2017. Amma ba a hannunsu abin ya yi armashi ba.

Inda labarin ya yi daɗi shi ne na'urar wasan Xbox ta farko, wadda ta fito a Nuwamban 2001. Microsoft ya sayar da ita don wasa, sai dai cikinta kwamfuta ce sosai: ga faifan ajiya, ga kafar jona wayar intanet, ga shi a gindin talabijin take zama. Masu sha'awa suka kutsa cikinta, suka rubuta mata manhajar kallo a 2002, wadda ta rikiɗe ta zama XBMC. Ba albashi ake ba su ba, kuma sun bar ƙofar manhajar a buɗe, kowa ya duba cikinta ya gyara. A 2014 aka sauya mata suna zuwa Kodi. Kafin nan, a 2007, Elan Feingold da abokansa sun ɗauki XBMC sun daidaita ta da kwamfutar Mac, a 2008 suka raɗa wa reshensu suna Plex. Hikimar Plex ita ce raba aikin gida biyu: rumbu daban, abin kallo daban. Ke nan kamfanin da yau yake sa wa mutane kuɗi, a gonar 'yan sa-kai ya tsiro.

Wasu na cewa satar fasaha ce ta haifi wannan al'ada, wasu su ce arhar faifan ajiya ce. Duka akwai ƙamshin gaskiya, amma ban gamsu ba. Netflix ya fara haska fina-finai ta intanet a 2007, shekarar da aka dasa Plex. Da neman fim cikin sauƙi ne kawai matsalar, da tuni rumbun gida ya mutu. Abin da ya raya shi, a ganina, son mallaka ne. A Disamban 2023 Sony ya sanar cewa zai goge shirye-shiryen Discovery da mutane suka saya da kuɗinsu a PlayStation, sai bayan an yi ta surutu ya janye. Wanda ya ga haka ba ya buƙatar a ce masa ya riƙe abinsa a gida.

Wannan halin ne ya haifi Jellyfin. A 2018 Emby, kishiyar Plex, ta rufe ƙofar manhajarta. A Disamban shekarar wasu suka ɗauki sigar da ta rage a buɗe suka ci gaba da ita kyauta da sunan Jellyfin.

Mu ma abin bai yi mana nisa ba. Wanda ya saba kai wayarsa shagon masu turi a cika masa fim ya san daɗin kallo ba tare da ƙona data ba. Abin da ya fi damuna shi ne kaset-kaset da faya-fayan tsofaffin fina-finan Hausa da ke lalacewa a akwatuna. Duk mai irin wannan ajiya, don Allah ya kwafe ta a kwamfuta tun tana kunnuwa.