Hatimin Malam da Lambobin da Ba Su Rabuwa

Daga Difa har Boso, a bakin Komadugu, hatimi ba baƙon abu ba ne a allon malamai. Gida tara ne, lamba 1 zuwa 9, kowane layi ya tashi 15, a tsaye ko a kwance ko a karkace. Wannan kwari ya daɗe da ilimi. Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, yana kusa da wannan kogi a ɓangaren Najeriya ta yau, kuma ya tara malamai har aka ci shi da yaƙi a 1808.

Wanda ya fi shahara da rubuta ƙa'idar hatimi a ƙasashenmu Bakatsine ne, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Wajen 1732 ya kammala littafinsa Bahjat al-Afaƙ a kan ilimin haruffa da wafaƙi, wato hatimi, inda ya bayyana hanyoyin cika hatimi mai gidaje mara, ciki har da bin tafiyar doki ta wasan shaɗaranji: gida biyu gaba, ɗaya gefe. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Abin takaici ne yadda ɗalibanmu suka san masanin lissafi Yuklid, amma da wuya su ji sunan wannan malami.

A tafiyar dokin nan ne lambobin da ba su rabuwa sai da kansu ko da ɗaya suke nuna halinsu. A hatimi mai layi 5 jimla 65 ce, a mai 7 kuwa 175, a mai 11 kuma 671. A waɗannan, idan aka bi tafiyar daidai, hatta layukan karkace da suka karye a gefe suka ci gaba daga ɗaya gefen suna ba da jimla ɗaya. A mai layi 9 ko 15 wannan hanya ba ta kai ga haka, domin 3 tana raba su.

A watan Oktoba na 2024 Luke Durant, ɗan Amurka, ya gano wata lamba da ba ta rabuwa sai da kanta ko da ɗaya, mai alƙaluma 41,024,320, ta dangin Mersenne: a ninka 2 da kanta har guda 136,279,841, a cire ɗaya. Babu allon da zai ɗauki hatimi mai layuka haka, amma tunda 2 da 3 ba su raba ta, ƙa'idar dokin ta hau kanta yadda ta hau kan 5 da 7.