Tarihin da ke ɓoye cikin ƙwayar hatsinmu

Yau tarihin hatsi za mu taɓa, wanga da muke fura da tuwo da shi kullum.

A shekarar 1976, bayan babban farin 1973 da 1974, masu binciken wata ma'aikatar Faransa mai suna ORSTOM, wadda ta koma IRD, sun zagaya ƙauyukan Nijar suna karɓar irin hatsi hannun manoma, sunka adana shi. A 2003 anka koma waɗannan ƙauyuka, anka sake karɓo iri. Daga nan sai anka shibka tsohon da sabon gefe da gefe, a gona guda.

Sakamakon ya fito a 2011. Hatsin 2003 ya riga na 1976 fidda kai, karansa da zangarniyarsa kuma sun ɗan rage tsawo. Masanan ba su tsaya ga ido ba, sun duba ADN, wato rubutun gado da ke cikin kowane mai rai, mutum ne ko dabba ko tsiro ko ƙwayar cuta. Sun tarar da alamar gadon da ke sa hatsi saurin fidda kai ta ƙaru ƙwarai cikin shekara 27. Kuma ba wani baƙon iri ne ya kori namu ba, irin gida ne ya canza.

To ta yaya? Damana ta gajarta, hatsin da ya riga nuna shi ya tsira, manomi kuma ya ware zangarniya mai kyau ya rataye don baɗi. Iyayenmu ba su shiga lakwal ba, amma aikinsu ya fito cikin na'ura.

A 2017 cibiyar ICRISAT, mai tasha a Sadore kusa da Yamai, tare da IRD da masanan Sin, sun karanta rubutun gadon hatsi, sun ƙirga ƙwayoyin gado sama da 38,000. Cikinsu akwai masu yawa da ke haɗa wani irin kakin da ke rufe ganye, ana jin yana taimaka ma hatsi jure zafi da ƙishirwa. A 2018 wani binciken ya nuna asalin nomansa na yammacin Sahara, wajen arewacin Mali da Muritaniya, kuma ya fara yaɗuwa shekara kusan 4,900 da sunka wuce.

Mu nan Dakoro a bakin iyakar noma muke, ruwa ko ya zo ko ya ɗauke. Amma ku duba abin da ke faruwa: rumbu na yin ƙasa, sai a sussuke har irin shibka a ci, in ruwa ya sauka a ruga kasuwa a auno tiyar da ba a san asalinta ba. Hakan na iya shafe zaɓen da kakanni sunka yi shekara da shekaru.

Irin INRAN na Tarna, kamar HKP, yana da amfaninsa, a shibka shi. Sai dai kowane gida ya ware damin irinsa tun a kaka, kada a taɓa shi kome wuya.

Wane iri kuke shibkawa a garinku? Zango ko gargera? Ku faɗa muna, za mu karanto a shirinmu na rediyo. Allah ya ba mu damana mai albarka.