TARIHIN WURIN BUKIN AURE A ƘASARMU

 Tun da yaranmu na Yamai suka fara tambaya ko a zauren haya za a yi buki ko a gida, muka ga ya kamata mu waiwayi yadda abin ya samo asali.

A zamanin kakanninmu ba a zaɓen wuri, don al'ada ta riga ta zaɓa. Ɗaurin aure a zauren uban yarinya ake yinsa, ko a ƙofar gida bisa tabarmin kaba. Liman ya zo, waliyyi ya bayar, wakilin ango ya karɓa, a faɗi sadaki a gaban shaidu, a raba goro, maroƙi ya shelanta. Lokaci kuwa bayan kaka ne, sa'ad da hatsi ya shiga rumbu kuma ƴan cin rani ba su tashi ba. Da dare ƴanmata su yi kalangu a dandali.

Adon ranar a ɗakin amarya yake. Mata su taru su yi daɓe, su shafe bango da farar ƙasa, sa'an nan a yi jere: ƙorai masu zane, faya-fayai da gadon kara. Duk wadda ta kawo ƙwarya ta san ranar bukin ɗiyarta za a mayar mata. Saboda haka mai kallon jere yawan dangin uwar amarya yake gani.

Ambaliyar 1945 ta cinye tsohon Maraɗi da ke cikin gulbi, aka mai da gari bisa tudu, aka yanka hanyoyi masu faɗi. Cikin shekarun 1950 da 1960 kuɗin gujiya suka shigo, aka kafa SONARA a 1962. Kwanoni masu fenti daga Kano suka ture ƙorai, gadon ƙarfe ya ture na kara, daga baya kabad mai gilashi ya zo. Abin da hannun dangi ke yi sai ya koma abin saye a kasuwa. A birni, gida ya yi wa jama'a kaɗan, aka fara tare hanya da rumfar tamfol da kujerun haya, mata suka ɗauki anko.

Fari na 1973 da na 1984 sun ƙarar da dabbobi da rumbuna, amma ba su rage tsadar buki ba. A zamanin Saini Kunce, wanda ya karɓi mulki a 1974, hukuma ta yi ta jan kunne a kan almubazzaranci wajen aure. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, atamfa da kwano suka yi tashin gwauron zabi. Zauren haya da masu ƙawata shi daga baya suka zo.

Ga abin da muke so a duba. Zauren haya yana da ƙofa da adadin kujeru, yana kuma da sa'ar tashi. Gwaggon da ta goyi amarya, in ba ta da kuɗin mota zuwa Yamai, ba za ta yi guɗa ba. Tsohon da ya san asalin gidajen biyu ba zai zama shaida ba, gobe kuma in rigima ta tashi tsakanin ma'aurata, shi za a nema don sulhu. Kuɗin hayar yini ɗaya kuwa sau da yawa bashi ne da ango zai kwana da shi.

Shawararmu ita ce a ɗaura aure a ƙofar gidan waliyyi, bayan kaka, a sanar da ƴan biɗa da wuri don su tara kuɗin hanya. Wanda ke da hali ya yi walimarsa a birni daga baya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya ba ƴaƴanmu zaman lahiya, ya sa mu ga jikoki. Amin.