Tarihin Safar Mata a Turai da Amurka

Safa tufa ce ta ƙasar sanyi, kuma a Turai maza ne suka fara ado da ita, ba mata ba. A zamanin da, sarakuna da fadawansu sukan sa gajeriyar riga, sa'an nan su ja doguwar safa tun daga tafin ƙafa har cinya, don a ga kyan ƙwaurinsu. Mata kuwa rigunansu har ƙasa suke ja, saboda haka tasu ba ta wuce gwiwa, ba kuma mai ganinta. Daga yadi ake yanko ta a ɗinke, ga kauri, ga tattarewa a idon sawu.

Wajen shekarar 1560 aka kawo wa Sarauniyar Ingila, Elizabeth ta Ɗaya, gaisuwar baƙar safa ta alharini, saƙar hannu. An ce tun daga ran nan ba ta ƙara sa ta yadi ba, domin saƙaƙƙiya tana miƙewa ta bi siffar ƙafa. Amma fa alharini sai mai hali. Matan talakawa da ulu suke saƙa tasu, da yawa kuma da wannan saƙa suke ci.

A cikin 1589 wani limamin coci mai suna William Lee, mutumin wani ƙauye kusa da Nottingham, ya ƙera injin saƙar safa. Ya nemi Sarauniya ta ba shi takardar da za ta hana kowa ƙera irinsa sai shi, ta ƙi, wai don kada masu saƙar hannu su rasa abinci. Sai ya kwashe kayansa ya ƙaura Faransa, can ya rasu bai ci ribar wahalarsa ba. Ɗan'uwansa ne ya komo da injin Ingila, sana'ar ta kafu a ƙasar Nottingham. Tsoron nan na Sarauniya kuwa ba na banza ba ne, ko da yake ya daɗe bai tabbata ba. A 1811, da masu injuna suka karya lada suka cika kasuwa da aikin ha'inci, masaƙa suka riƙa fita da dare suna farfasa injunan, har a 1812 Majalisa ta yi doka cewa wanda ya fasa inji hukuncinsa kisa ne.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko rigunan mata suka gajarce, safa ta fito fili, kowace mace tana son mai laushi, mai launin fata. Alharinin kuwa yawancinsa daga Japan Amurka take saye, ga tsada, ga saurin tsinkewa. Ana nan sai wani masani, Wallace Carothers, ma'aikacin kamfanin DuPont, ya haɗa wani sabon zare a 1935, wanda ba tsutsa ta yi shi ba, ba kuma a gona ya tsiro ba, daga sinadaran da ake samu a jikin kwal aka fitar da shi. Shi ne nailan. Ran 15 ga Mayu 1940 aka fara sayar da safarsa ko'ina a Amurka, mata suka yi mata wawa.

Murnar ba ta daɗe ba. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, sai gwamnati ta karɓe nailan don ɗinka lemar da soja ke dira da ita daga jirgin sama, da igiyoyi. Safa ta yi wuyar gani. To, safar lokacin tana da layin ɗinki a bayan ƙafa, saboda haka mata suka riƙa shafa launi a ƙafafunsu, su ɗauki abin zanen gira, kamar dai kwalli, su ja layi tun daga diddige har bayan gwiwa, don mai hange daga nesa ya ce safa ce. Dabarar tana ci muddin ba a yi ruwa ba. Da aka gama yaƙi a 1945 safa ta komo kantuna, mata suka yi ta turereniya, wani wuri har da dambe.

Duk wannan zamani safa biyu ce, kowace ƙafa da tata, ana riƙe su da maɗauri daga ƙugu. A 1959 Allen Gant, na wata masaƙa a jihar Karolina ta Arewa, ya fitar da wadda aka haɗe da ɗan kamfai, ana sa ta kamar wando. Da fari ba ta yi kasuwa sosai ba, sai da 'yammatan London suka shiga yayin siket wanda bai kai gwiwa ba, bayan 1964, domin a ƙarƙashin irin wannan maɗauri ba shi da wurin ɓuya.

Kaurin safa da wani ma'auni ake gane shi, wanda ake kira diniya, watau nauyin zare mai tsawon mita 9,000. In ya yi giram 15, safar shara-shara ce, ana ganin fata ta cikinta, ƙaramar ƙaya kuwa ta isa ta warware ta. Mai 40 zuwa sama ba a gani ta cikinta sosai, ita ake nema in hunturu ya shigo.