Nahawun Python da Harufanmu Masu Lanƙwasa

A azuzuwan kwamfuta na makarantunmu akan koyar da ƙa'idojin yaren Python kamar abin da aka tarar a kammale, wanda ba a taɓawa. Alhali tun da Guido van Rossum ya fitar da yaren a 1991 ake yi wa nahawunsa gyara, kuma a yau manyan gyare-gyare da hujja a rubuce suke zuwa. Mai son sauyi yakan rubuta takardar shawara da ake kira PEP, ya bayyana matsalar, ya kawo mafita, ya faɗi abin da sauyin zai lalata a tsofaffin manhajoji. Wani lokaci muhawarar kan yi zafi. Alamar := da aka amince da ita a 2018 ta jawo ce-ce-ku-cen da ya sa van Rossum ya ajiye jagoranci a watan Yulin shekarar, aka koma ga majalisar mutum 5 da ake zaɓa.

Ƙasar Boɗinga ba baƙuwa ba ce ga wannan irin aiki. Lokacin da Shehu Usmanu yake zaune a Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi bin Fodiyo a Boɗinga ya zauna, kuma shi ne mai Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu. Malaman da suka gaji wannan karatu sun san cewa ƙa'idar harshe abu ce da ake kafawa da dalili, ake kuma saɓani a kanta cikin ladabi.

Gyaran da ya fi shafar Bahaushe shi ne PEP 3131, wadda Martin von Löwis ya rubuta a 2007, ta fara aiki da fitowar Python 3 a Disambar 2008. Kafin nan, sunan da mai rubuta manhaja zai ba wani abu dole ya tsaya cikin harufan Ingilishi 26, manya da ƙanana, da lambobi da ɗan layin ƙasa. Bayan gyaran, duk abin da tsarin Unicode ya ɗauka a matsayin harafi ya halatta. Ke nan ɗaliba a Shagari tana iya rubuta kuɗi, ƙauye, ɓera yadda suke, har da ajami in ta so. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai koyo, domin rabin wahalar darasin farko ita ce riƙe ma'anar sunaye, kuma sunan da ke harshen uwa ba ya buƙatar a haddace shi.

Sai dai ba mu muka nemi gyaran ba, shi ya sa ya tsaya a rabin hanya. Rubutun boko na Hausa yana dogara da alamar hamza a kalmomi irin su jama'a, sana'a, ma'aikata, da 'ya'ya. A Python kuwa wannan alama, yadda take a kan madannai, ita ce ke buɗe zance. Yaro ya rubuta jama'a = 40, injin ya ce ya buɗe zance bai rufe ba, yaron kuma bai ga laifinsa ba, don daidai ya rubuta Hausarsa. Takwaransa na Maraɗi, wanda ke rubuta ƴaƴa da harafin ƴ bisa tsarin Nijar, ya tsira a wannan kalma, amma jama'a za ta kama shi shi ma. Akwai wata hamza a Unicode, mai lamba U+02BC, da Python ke karɓa a matsayin harafi, amma a ido kusan ba ta da bambanci da ta madannai, kuma malamai kaɗan ne suka san da ita.

Ba na goyon bayan a fassara kalmomin yaren na asali, irin su if da while, zuwa Hausa. Ba su kai 40 ba, kuma wanda ya koyi wani Python na daban zai rabu da dubban ɗakunan manhajoji da duniya ke amfani da su. Abin da ya kamata mu nema ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi yiwuwa. Tun daga Python 3.10 a 2021 ake gyara saƙonnin kuskure domin su riƙa nuna wa mai koyo ainihin inda ya karkace. Ana iya neman saƙon ya gane hamzar da ta faɗo tsakiyar suna, ya faɗi haka ƙarara. Akwai kuma PEP 545 ta 2017, wadda ta shimfiɗa hanyar fassara littafin bayanin yaren zuwa wasu harsuna.

Tsarin PEP yana da sashe na musamman da ke tambayar yadda za a koyar da sabon sauyi. Amsar wannan tambaya tana hannun malamin aji, wanda ya ga inda ɗalibai suke tuntuɓe. Sashen kimiyyar kwamfuta da na harsunan Nijeriya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna iya haɗa kai da malaman sakandaren Boɗinga da Shagari, su tattara kura-kuran da ɗalibai ke yi a zangon karatu ɗaya, su rubuta rahoto, su miƙa shi ga masu kula da yaren a GitHub, inda aikin ya koma tun 2017.