Tsohuwar mota a matsayin kayan tarihi: rikicin tarin motocin Schlumpf a Mulhouse

Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce mota ta tsufa, to ya rage mata kuɗi ke nan. Akwala ce, sai lallaɓawa, ranar da ta ƙi tashi kuma a kwance ta a sayar da ƙarfen. A Turai ma haka lissafin yake ga mafi yawan motoci, amma tun wajen shekarun 1930 wani ɗan rukuni ya fita daga cikinsa, ya zama tsufan ne ke ƙara masa daraja. Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda ake samun wannan juyi, ta hanyar misali guda, wato tarin motocin da wa da ƙane, Hans da Fritz Schlumpf, suka haɗa a garin Mulhouse na yankin Alzas, a gabashin Faransa. Mun zaɓe shi ne domin a can sha'awar mutum guda ta zama rikicin ma'aikata da shari'a ta shekara ashirin, har sai da hukuma ta faɗi a fili abin da masu wannan sha'awa ba su cika son a tambaye su ba: da guminsu wa aka saya, kuma wa ke yanke darajar abin.

Wace mota ake nufi?

Abin da Faransawa ke kira voiture de collection, a nan za mu kira shi motar tarihi. Ƙungiyar duniya ta masu irin waɗannan motoci, FIVA, wadda aka kafa a 1966, ta gindaya sharuɗɗa: motar ta kai shekara 30, a riƙe ta a kamannin da ya dace da zamaninta, sa'an nan kada ta zama abin hawan yau da kullum. Sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi shafar mai karatu a nan. Peugeot 504 ta fito a 1968, kuma an ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna daga 1975 har cikin shekarun 2000. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sun riƙa tuƙo tsofaffin 404 da 504 ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit su sayar a Agadas ko gaba. Fijo da ta zo ta wannan hanya ta shiga jigilar fasinja, ko ta shekara 40 ba ta cika sharaɗin ba, alhali ƴar'uwarta da ta kwanta a gareji a Lyon ta cika. Ƙarfe ɗaya ne, inji ɗaya. Bambancin shi ne an cire ɗaya daga aiki.

Sha'awar ta fara tsaruwa ne a Ingila. A 1927 aka farfaɗo da tafiyar Landan zuwa Brighton domin tsofaffin motoci, a 1930 aka kafa Veteran Car Club. Sai dai har ƙarshen shekarun 1950 abin bai wuce nishaɗin ƴan tsiraru ba, kuma motocin kafin yaƙi, har da na alfarma, araha gare su, domin ba su da kayan gyara, ga shan mai.

Ƴan'uwa biyu da masana'antunsu

A Italiya aka haifi Hans a 1904 da Fritz a 1906, ubansu ɗan Suwis, uwarsu Jeanne ƴar Mulhouse. Da uban ya mutu, a garin uwar suka girma. Sun yi arziki a kaɗin ulu: sun karɓi masana'antar Malmerspach a 1940, daga baya suka haɗa da wasu, a 1957 kuma suka sayi masana'antar HKD a cikin Mulhouse. Hans shi ne mai riƙon kuɗi, an san shi da tsantseni wajen albashi. Fritz shi ne mai son mota, musamman Bugatti, wadda ake ƙerawa a Molsheim, nan cikin Alzas.

Daga 1960 Fritz ya shiga saye ba ƙaƙƙautawa. Ya riƙa aika wasiƙu ga mutanen da sunansu ke cikin rajistar masu Bugatti, yana tayin sayen duk abin da suke da shi. A 1963 ya kwashe motocin da suka rage a hannun kamfanin Bugatti kansa, ciki har da Royale wadda ake kira Coupé Napoléon, motar Ettore Bugatti. A 1964 aka ɗoro masa Bugatti 30 a jirgin ƙasa daga jihar Illinois ta Amurka, na wani attajiri John Shakespeare, a kan dalar Amurka 85,000, a ciki akwai Royale ta biyu. Ya kamata a san cewa Royale shida kacal aka ƙera tsakanin ƙarshen shekarun 1920 da 1933. Injinta ya kai lita 12.7, an yi ta ne domin sarakuna, ba sarkin da ya saya, a ƙarshe sai aka sa irin injin nata a jiragen ƙasa na Faransa. Kashi ɗaya cikin uku na Royale ɗin duniya ya koma hannun mutum guda a cikin shekara biyu.

Duk wannan a ɓoye aka yi shi, ko kusa da haka. An ware ɓangare na ginin HKD, aka zuba masu sana'a wajen 40, makanikai da maƙeran kwano da kafintoci da masu fenti da maɗinkan kujerun fata, aka ɗaure su da alkawarin ba za su faɗi abin da suke gani ba. An shirya zaure mai faɗin murabba'in mita 17,000, an kafa ɗaruruwan fitilu kwaikwayon na gadar Alexandre III ta Paris, a ƙofar shiga kuma aka yi wurin tunawa da uwarsu. Baƙi ƙalilan ne aka taɓa bari suka shiga.

Abin da ya faru a 1976 da 1977

A daidai wannan lokaci sana'ar saƙa ta Turai tana durƙushewa a gaban kayan Asiya masu araha. Kuɗin da ya kamata a sabunta injuna da su, a motoci suka tafi. A 1976 ƴan'uwan suka yi tayin sakin masana'antunsu a kan faran ɗaya, ba a samu mai karɓa ba, ma'aikata wajen 2,000 suka fuskanci sallama. A ƙarshen damina ta wannan shekara ma'aikatan Malmerspach suka tsare su a gidansu kwana uku, sai da ƴan sanda suka fito da su. Suka tsallaka Bâle, a Suwis, ƙasar da ba ta miƙa ƴaƴanta ga kotun waje.

Ranar 7 ga watan Maris na 1977 ƴan ƙungiyar ƙwadago ta CFDT suka shiga ginin. Abin da suka tarar motoci ne sama da 400 a jere suna ƙyalli, Bugatti kaɗai ta haura 100. Suka sa wa wurin suna Gidan Tarihin Ma'aikata, suka buɗe shi kyauta, ana jefa abin da ya sawwaƙa a bakin ƙofa domin waɗanda aka sallama. A shekara biyu da suka riƙe wurin, mutane wajen 800,000 suka shiga. A jikin motoci sun rataye alluna masu nuna yawan watanni ko shekarun albashin ma'aikaci da kowace ta ci.

A ganinmu waɗannan alluna su ne abu mafi muhimmanci a duk labarin, kuma su ne aka fi saurin wucewa. Mai tara motoci yana auna su da ƙarancinsu da sunan wanda ya taɓa hawa. Ma'aikatan sun zo da wani ma'auni, wato awannin aiki a gaban injin kaɗi, kuma da shi suka kafa hujjar cewa suna da haƙƙi a kan dukiyar. Kotu daga baya ta samu ƴan'uwan da laifin karkatar da dukiyar kamfani, a bayan idonsu. Amma kada a ɗauka ma'aikatan sun ƙi motocin. Su ne suka tsare su shekara biyu, kuma wasu daga cikin abokan aikinsu ne suka gyara su da hannunsu.

Yadda aka yanke kuɗi

Masu bin bashi sun so a sayar da motocin ɗaya ɗaya ga duk wanda ya fi taya, ko daga ina yake. Gwamnati ta riga su: a 1978 aka shigar da tarin cikin jerin kayan tarihin ƙasa, ƙarƙashin dokar 1913 wadda aka yi domin majami'u da fadoji da abin da ke cikinsu. Abin da ya shiga wannan jeri ba ya fita daga Faransa. Da aka rufe ƙofar waje, aka kuma yarda a sayar da tarin a dunƙule, mai saye ya zama kusan guda ɗaya. A 1981 wata ƙungiya da ta haɗa birnin Mulhouse da jihar Haut-Rhin da yankin Alzas da majalisar ƴan kasuwa da Automobile Club de France ta biya faran miliyan 44, wato sefa miliyar 2 da miliyan 200 a canjin lokacin. Aka buɗe gidan tarihin motoci na ƙasa ranar 10 ga watan Yuli na 1982.

Shekara shida bayan cinikin, a watan Nuwamba na 1987, kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da wata Royale a Landan a kan fam miliyan 5.5, abin da ya kai wajen faran miliyan 55. Ko an cire tsadar rayuwa ta tsakani, mota ɗaya ta yi kusa da kuɗin da aka biya wa ɗari huɗu, masu Royale biyu a ciki. Fritz ya ce ƙwace aka yi masa, kuma ba za a ce ba shi da abin faɗi ba. Sai dai ragin bai tsaya a kansa ba, ya shafi masu bin bashi, ciki har da ma'aikatan. Dokar da ta ɗaga darajar motocin a idon ƙasa ita ce ta karya kuɗinsu a kasuwa. Shari'a ta ci gaba: a 1989 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta tilasta a sa sunan Schlumpf a jikin gidan. Hans ya mutu a wannan shekara, Fritz a 1992.

Gyara ko kiyayewa

Mota ba kamar tukunya ko takobi take ba, da za a ajiye a bayan gilashi a manta. Idan ta daɗe ba ta motsa ba, roba tana bushewa ta tsage, mai yana daskarewa ya toshe hanyoyinsa, birki yana kamewa, tsatsa tana cin cikin inji. Idan kuma ana hawanta, tana cinyewa, kuma duk abin da aka canza ya rage asalinta. Babu mafita mai tsabta daga wannan, kowane mai motar tarihi yana zaɓen irin asarar da zai iya ɗauka ne.

Fritz ya zaɓi ƙyalli. An kankare motoci har ƙarfe, an sake fata, da yawa daga cikin Bugatti an shafe su da shuɗin motocin tseren Faransa ko da ba da shi suka fito ba, sa'an nan aka jera su ba hawa. Ya wuce nan ma. Royale da aka yi wa attajirin tufafi Armand Esders a 1932, wadda aka ƙera ba fitilu domin mai ita ba ya tuƙin dare, an canza mata jiki tun kafin yaƙi, jikin farko ya ɓace. Fritz ya sa a ƙera wata daga kayan Bugatti da ya tara, aka kammala ta bayan gudunsa. Tana Mulhouse, kuma ba a ƙirga ta cikin shidan.

Ra'ayin masana ya juya daga wannan hanya. Yarjejeniyar Turin, wadda FIVA ta amince da ita a 2012 ta fara aiki a 2013, ta bi sawun yarjejeniyar Venise ta 1964 a kan gine-gine: a bar alamun shekaru, a rubuta duk abin da aka taɓa, gyara ya zama wanda za a iya warwarewa, motar kuma ta riƙa tafiya. Gidan tarihin Mulhouse kansa ya buɗe filin zagaye a 2011 domin a riƙa tayar da wasu motocin a gaban jama'a. Kasuwa ma ta bi. A 2015 aka yi gwanjon motocin da Roger Baillon, wani mai kamfanin sufuri, ya bari suna ruɓewa a rumfuna a yammacin Faransa, kuma wata Ferrari 250 GT California da aka tono a ƙarƙashin tulin mujallu ta haura yuro miliyan 16 ba tare da an sake mata fenti ba.

Akwai motoci 62 da masu gyaran Fritz ba su kai gare su ba, suka zauna a rumbun Malmerspach da ƙurarsu. A 1999 kotu ta mayar da su ga matarsa Arlette. Bayan mutuwarta a 2008 da yawa daga cikinsu suka koma hannun Ba'amurke Peter Mullin, wanda ya nuna su a gidan tarihinsa na Oxnard, a Kalifoniya, yadda aka same su, da tsatsa da yagaggun kujeru. Mullin ya mutu a 2023, aka rufe gidan a farkon 2024, wani kashi na motocin ya sake shiga gwanjo.